Kalma Ɗaya da Mota Marar Rufi

Zamfira ta dawo daga asibiti da rabin jiki da kalma ɗaya. Ɓarin dama ya tafi gaba ɗaya, hannu da ƙafa da kunci, har idon ma ya daina bin mutum. Kalmar da ta rage mata kuwa ita ce "kurent". Da ita take tashi, da ita take kwana. Idan an tambaye ta ko tana son ruwa, kurent. Da fada ya zo daga coci ya shafa mata mai a goshi, abin da ya samu ke nan shi ma.

Mu a garinmu Braila ba sai an fassara mana ba. Kurent ita ce iskar da ke shigowa ta taga ta fita ta ƙofa, ta bi ta kan mutum a hanyarta. Iskar fili ba ruwanta da kowa, wadda ta ratso tsakanin kafa biyu ita ce muguwa. Ita ke kawo ciwon haƙori, ita ke sanƙarar da wuya, ita ke karkatar da baki. Likita ya yi ta bayaninsa na hawan jini da jijiyar da ta toshe a ka, kowa ya gyaɗa masa kai don ladabi. Da aka fito waje sai Paraschiva, yayar Zamfira, ta faɗi abin da kowa ya riga ya sani: ranar da abin ya faru an tarar da tagar kicin a buɗe, ƙofar baranda ma a buɗe, Zamfira kuma kwance a tsakaninsu.

"Ga shi da bakinta take faɗa," in ji Paraschiva. "Ta san abin da ya ja ta. Baiwar Allah, har yanzu tsoron bai sake ta ba."

Tun daga ranar Paraschiva ta tare a gidan da jakarta da silifa. Ta toshe ƙasan ƙofofi da tsofaffin tawul, ta manne gefen tagogi, ta cusa wa ƙanwarta auduga a kunnuwa biyu, ta ɗaure mata kai da kallabi. Duk sanda Zamfira ta ce kurent sai a ƙara mata bargo. A tsakiyar watan Agusta ake wannan, lokacin da kwalta ke narkewa a bakin tashar jiragen ruwa.

Ilarie, mijin Zamfira, ya bi umarnin Paraschiva. Ya yi aikinsa na mai kula da ma'ajiyar kaya a wurin ƙera jiragen ruwa har ya yi ritaya, kuma ya saba da a ce masa ɗauko ya ɗauko. Yana juya ta a gado, yana wanke ta, yana zubar da fo. Tun ranar da ya ɗaga ta daga daɓen kicin bai ƙara jin komai ba. Babu baƙin ciki, babu tsoro, yunwa ma sai ya duba agogo yake sanin ta yi. Maƙwabta suna ta yaba masa dauriya, shi kuwa ya san ba dauriya ba ce, don babu abin da yake daurewa. Abu ɗaya ya koya da kansa, ya riƙa ajiye kujerarsa ta hagunta. Ta nan ne Zamfira take, da girarta mai saurin hawa da gefen bakin da ya sani. Ta dama kuwa wata tsohuwa ce da bai taɓa gani ba.

Sai Zamfira ta daina cin abinci. Ba ta ture cokali, ba ta kawar da kai, haƙoranta kawai take haɗewa ta zuba wa bango ido. Paraschiva ta gwada miya mai tsami, ta gwada cuku da madara, ta gwada kuka da faɗa. Zoben auren Zamfira ya fara yawo a yatsa, har wata safiya Ilarie ya tsince shi a cikin bargo ya sa a aljihu.

'Yarsu Otilia ta kira daga Torino, inda take jinyar wata tsohuwar Ba'italiya.

"Baba, na samu wuri. Gidan tsofaffi ne mai kyau a bayan gari, suna da masu jinya, suna sa roba ta hanci in mutum ya ƙi ci."

"To."

"Kar ka ce mini to, Baba. Ƙarshen wata zan zo. In har lokacin ba ta fara ci ba, can za mu kai ta. Ba zan zauna ina ciyar da uwar wasu tawa tana mutuwa da yunwa ba."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na ji, 'yata."

Ya ajiye wayar ya koma wanke kwanukan da ya bari. Ya san wanda aka kai gidan nan ba ya dawowa. Ya faɗa wa kansa haka a fili, kalma bayan kalma, ko zai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Shiru. Ya ɗauraye kofin ya kife shi.

Ran Alhamis Paraschiva ta tafi karɓar fansho, ta bar shi da tukunyar mamaliga, tuwon masararmu, a wuta. Ya zuba garin masarar, ya tuƙa, sannan ya tsaya yana kallon bango har tuwon ya kama ya ƙone. Hayaƙi ya cika gidan. Ba shiri ya ɓalle mannin tagar kicin ya buɗe ta, ya je ya buɗe ƙofar baranda. Labule ya tashi. Sai da ya juyo ya tuna cewa keken guragun da Zamfira ke zaune a kai yana tsakiyar falo, daidai kan hanyar iskar.

Ya nufi ƙofar da sauri zai rufe, sai ya ga fuskarta. Ta juyo da ɓarin hagu wajen iskar, ta lumshe ido, ta ɗan buɗe baki. Ya tsaya da hannunsa a kan ƙofar. Can ya koma kicin, ya kankaro wajen da bai ƙone ba, ya dama da madara, ya kawo. Ta karɓi cokali ɗaya. Ta karɓi na biyu. Ana cikin na uku mukulli ya juya a ƙofa.

"Wayyo Allah! Ilarie, kashe ta za ka yi? Ɓari ɗaya bai ishe ka ba, sai ka ƙarasa ɗayan?"

Paraschiva ta bi tagogin ta rufe tun ba ta ajiye jakarta ba. Zamfira ta ce, "Kurent." Paraschiva ta ce, "Ka ji ko? Ka ji da kunnenka," ta ɗauko bargo. Haƙoran suka sake haɗuwa.

Bai yi gardama ba. Wataƙila yunwa ce kawai ta ci ƙarfinta a lokacin, wataƙila buɗe bakin ma numfashi take nema saboda hayaƙi. Amma ya zauna yana tuna abin da ya daɗe da sani bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Duk tsawon aurensu ita ke buɗe taga, shi ke bi yana rufewa. A bas, a jirgin ƙasa, a ɗakin kwana, da faɗa da dariya. Akwai shekarar da ƙungiyar ma'aikata ta ba su tikitin hutu a bakin teku, suna tafe a ƙafa da jakar tumatir sai wata jar mota marar rufi ta wuce su, da wata baƙuwa a ciki gashinta yana ta tashi. Zamfira ta tsaya cak a tsakiyar titi ta ce, "Ilarie, kafin in mutu sai ka sa ni a irin wannan." Shi kuwa ya ce, "Ai in na sa ki, ranar za ki mutu," ya ja hannunta.

Ran Lahadi da safe ya ɗauko gwangwanin da ke bayan hoton Maryamu a saman kabad. Kuɗin binnewarsu ne su biyun, na akwati da fada da abincin sadaka, irin wanda kowane tsoho mai mutunci a garinmu yake ajiyewa don kada ya bar wa 'ya'ya kunya. Kuɗin zai isa a binne mutum biyu ba tare da an yi gulma ba, amma a kasuwar motoci ba wani abin kirki ba ne. Ya sa a aljihun ciki ya sauka ya buga wa Pandele ƙofa.

Pandele mijin Paraschiva ne, tsohon direban tasi, kuma tun da matarsa ta tare a gidan ƙanwarta ya yi ƙiba ya ƙara fara'a. Ya saurari bayanin yana ɗaure takalmi.

"Mota marar rufi. Kai. Da kake sa hula a cikin wanka." Ya ɗago ya dube shi. "Ilarie, ka tabbata ba kai kurent ta ja ba?"

"Za ka kai ni ko in hau bas?"

"Zan kai ka mana. Wannan ai ba abin da za a ba ni labari ba ne. Amma in matata ta tambaya, ban san ka ba."

Kasuwar motoci tana wani fili a bayan gari, ƙura da hayaƙin gasa nama da kiɗa daga kowace kusurwa. Motocin hannu ne jere, an wanke su an shafe tayoyinsu da baƙin mai, masu su suna jingine suna ɓare 'ya'yan kabewa. Marasa rufi ba su da yawa, kuma duk wajen dillali ɗaya suke, wani mai tumbi da sarƙa a wuya da ake kira Mirel.

"Baba, wa za a saya wa? Jika ya ci jarrabawa?"

"Ni."

Mirel ya dubi takalman Ilarie, ya dubi Pandele, Pandele ya ɗaga kafaɗa. Dillali dai dillali ne, nan take ya gyara murya.

"Ka yi daidai, Baba! Mutum ya sha wahalar duniya, ya ɗan sha iska. Ga wannan baƙar. Ta wata tsohuwa ce a Jamus, coci kawai take zuwa da ita."

"Wannan tsohuwar ta Jamus," in ji Pandele, "motoci nawa gare ta ne? Duk kasuwar nan a wajenta kuke saye. Ta kusa shiga aljanna da yawan zuwa coci."

Baƙar tana da kyau, kujerun fata, ƙofa mai faɗi. Ilarie ya tambayi kuɗin, aka faɗa, ya wuce gaba ba tare da ya taya ba. Ta biyu mai rufin ƙarfe ce da ke naɗe kansa da maɓalli. Mirel ya danna, rufin ya tashi ya kai rabi ya tsaya yana gurnani, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Pandele ya ce in ruwa ya sauko sai dai mutum ya yi addu'a, kuma kuɗin gyaran ya fi na motar. Ta uku ƙarama ce ja, mai kujera biyu, kusan irin ta bakin teku. Ilarie ya daɗe a gabanta. Ya buɗe but ya auna da tafin hannu, ya ga keken Zamfira ba zai shiga ba ko an naɗe shi. Ya zauna a kujerar fasinja, sai ya ji kamar a ƙasa ya zauna, kuma da ya zo tashi sai da Pandele ya ja shi. In shi mai ƙafa biyu haka, ita ba a magana.

"Baba, kai fasinja kake saya wa mota ko direba?" in ji Mirel. "Tun ɗazu ban ga ka taɓa sitiyari ba."

"Matata ba ta da lafiya."

"Ayya. Allah ya ba ta lafiya." Mirel ya ƙara da cewa, "To nawa ne a jikinka? Faɗa mini gaskiya, kar mu ɓata wa juna Lahadi."

Ilarie ya faɗa. Mirel ya shafa ƙeya.

"Da wannan sai dai 'yar Ingila."

Tana can ƙarshen layi kusa da shinge, shuɗiya da ta koɗe, mai rufin tamfol da ake naɗewa da hannu. An yi wa tamfol ɗin faci a wuri biyu. Sitiyarinta yana dama, shi ya sa ba mai kallonta. Yaranmu da ke aikin gona da gini a Ingila sukan dawo da irinsu, su sayar da araha in sun gaji da leƙen hanya ta kan fasinja kafin su wuce babbar mota. Pandele ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa gefe da mukulli yana neman tsatsa, ya buɗe murfin mai ya shinshina, ya sa aka tayar ya tsaya a bayan salansa yana kallon hayaƙi.

"Injin bai mutu ba," ya ce cikin raɗa. "Tsatsa akwai, amma za ta riga ka tsufa ne kawai, ba za ta riga ka mutuwa ba. Tayoyin gaba sai an sake kafin sanyi."

Kujerarta tana da tsayi daidai. But ɗin zai ɗauki keke. In an naɗe rufin, mutum zai iya sauke marar lafiya daga sama ba tare da ya lanƙwasa mata wuya ba. Ilarie ya lura da duk wannan kamar yadda yake karɓar kaya a ma'ajiya, yana dubawa yana wucewa.

Mirel ya ga ciniki ya kusa, sai ya fito da abin da ya ɓoye. Ya ɗaga wata baƙar raga da ke bayan kujerun gaba ya kafa ta.

"Ka ga wannan, Baba? Saboda uwargida. Ita ke tare kurent. Iska ba za ta zagayo ta bugi ƙeyarta ba. Ko kallabinta ba zai motsa ba."

"Wace kurent a motar da ba ta da rufi?" in ji wani mai sayar da batir a gefe, wanda ba wanda ya tambaye shi. "Kurent sai da kafa biyu. Wannan ai iska ce kawai."

"Iska ce kawai?" in ji Mirel. "Surukina ya hau irinta zuwa garin Galati, mako guda yana kallon gefe ɗaya kamar kaza."

"To ai gilashi ya ɗaga! In ka ɗaga gilashi ka yi mata hanya. Ka sauke duka, ba abin da zai same ka."

"Kai dai sayar da batir ɗinka."

Ilarie ya jira suka gama. Sannan ya tambayi Mirel, "In an cire ragar, akwai kurent?"

"Sosai ma. Shi ya sa nake ce maka..."

"Cire ta."

Mirel ya dubi Pandele. Pandele ya ce, "Kar ka dube ni, ni direba ne kawai."

Suka fita gwaji a hanyar bayan kasuwa. Ilarie ya daɗe bai tuƙa ba, ga giya a hannun hagu, sau biyu yana kai hannun dama yana bugun ƙofa. Pandele yana zaune a hagunsa yana riƙe da hularsa da hannu biyu, yana zagin Ingila da mutanenta. Ilarie ya juya zai ce masa ya yi shiru, sai ya ga tsohon tabon da ke kuncin Pandele na dama. Shekara da shekaru yana shiga tasin mutumin nan, kuma ta dama yake ganinsa, amma bai taɓa ganinsa daga kujerar direba ba. Ya rage gudu. A kowace mota ta ƙasar nan, in ya zauna a sitiyari, hagun Zamfira ne zai fuskance shi. A wannan kuwa damanta ne.

Da suka dawo ya wuce kai tsaye wurin baƙar ta tsohuwar Jamus. Ya tsaya ya dubi sitiyarinta a hagu, inda ya kamata. Ya sake tambayar kuɗin. Mirel ya rage abin da zai iya ragewa, har ya rantse da 'ya'yansa, amma ko an haɗa da agogon Ilarie da zoben da ke aljihunsa ba za a kai ba. Ilarie ya gyaɗa kai. Ya koma wurin shuɗiyar ya ciro kuɗin gwangwani ya miƙa, aka shiga rumfa aka yi takardu. Mirel ya tofa wa kuɗin yawu kaɗan don sa'a, ya ba shi ragar a hannu ko zai sake tunani. Ilarie ya bar ta jingine da shinge.

Washegari da la'asar ya naɗe rufin a ƙofar gidan benensu, ya hau ya tura keken Zamfira zuwa lif. Paraschiva ta biyo su da silifa ɗaya. Ta riga ta ji komai, don Pandele bai kai ko awa guda ba ya fasa.

"Kuɗin binnewa! Ka ɗauki kuɗin binnewarta ka sayo abin da zai kashe ta! To da me za ka binne ta, Ilarie? A but za ka sa ta?"

Matan da ke zaune a benci suka daina hira. Ilarie ya ɗaga Zamfira, ba ta fi nauyin buhun gari ba yanzu, ya sauke ta a kujera, ya ɗaura mata bel, ya ɗora mataccen hannun a cinyarta. Da Paraschiva ta ga ba zai tsaya ba sai ta daina ihu ta fara aiki. Ta ƙara cusa audugar, ta ƙulle kallabin a ƙarƙashin haɓa da ƙulli biyu, ta soke bargo ta kowane gefe, tana yi tana kuka. Tana son ƙanwarta, wannan ba wanda zai ce a'a.

"Kurent," in ji Zamfira.

"Ka ji? Roƙonka take yi! Wallahi in wani abu ya same ta, ni zan gaya wa Otilia da bakina."

"To," in ji Ilarie, ya tayar da mota.

Ya bi ta cikin gari a hankali, ya wuce layin taragu, ya hau hanyar da ke bin gaɓar kogin Dunarea ta ratsa gonaki. Da gidaje suka ƙare ya ƙara wuta. Iskar ta zagayo ta baya kamar yadda Mirel ya ce, ta bugi ƙeyarsa, ta shiga rigarsa, ta cika masa kunne. Duk tarbiyyar da uwarsa ta yi masa tana ce masa ya ɗaga kafaɗa ya rufe wuya. Ya juya ya dubi matarsa.

Ba komai. Kunci a zube, gefen baki a sauke, ido yana kallon gaba ba ya ƙiftawa. Bakin kallabin yana kaɗawa a kan fuskar da ba ta san ana yi ba. Ya dubi hanya, ya sake dubanta. Tsohuwar nan ce da bai sani ba, zaune a motar da ya saya da kuɗin akwatinta.

"Kurent," ta ce.

Muryar ɗaya ce da ta falo, ba hawa ba sauka. Ko "ƙara" take nufi, ko "ka taimake ni ka rufe", ba yadda za a yi ya sani daga inda yake. Wataƙila Paraschiva ce da gaskiya tun farko. Wataƙila matar nan tsoro take ji tun ranar da ta faɗi, ita kaɗai a cikin kanta da kalma ɗaya, shi kuma ya ɗauko ta ya ɗaure a tsakiyar abin da take tsoro. Hannunsa ya fara zamewa a sitiyari. Ya duba ya ga gumi ne, ya yi mamaki, don ya manta yadda tsoro yake.

"Kurent. Kurent."

Ya taka birki ya sauka gefen hanya, kusa da wata rumfar kankana. Ƙura ta wuce su. Ya kashe mota, ya buɗe ƙofa, ya fito. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet mai zafi, har ya iso ɓarin hagu.

Tana nan. Ta cire audugar kunnen hagu ta jefar, bargon ya zame zuwa gwiwa, yatsunta suna ta kokawa da ƙullin Paraschiva. Kuncinta ya yi ja, idon ya jiƙe sharkaf. Girar kuwa ta hau har sama. Ya san wannan kallon. Shi ne kallon da take yi masa a bas da jirgin ƙasa da ɗakin kwana duk sanda ya miƙa hannu ya rufe mata taga. Haushinsa take ji don ya tsaya.

"Kurent," ta ce, ta bugi ƙofar motar da tafin hannu sau biyu.

Ya durƙusa a cikin ƙurar. Ya sa hannu zai kwance ƙullin, ƙullin ya ƙi, sai da ya sa haƙori. Kallabin ya fita, farin gashinta ya bayyana a manne da gumi. Ya miƙa hannu ta bayan kanta ya zaro audugar kunnen dama, wadda ba ta iya kaiwa. Sannan ya kifa goshinsa a ƙofar, abin da ya ƙi zuwa tun daɓen kicin ya zo masa gaba ɗaya. Ya yi kuka da sauti, kukan baƙin ciki da kunya, na duk bargunan da ya taya aka lulluɓa mata. Ta bar shi ya ɗan yi, sannan ta ja masa kunne.

Mai kankanar, wata mace da hular kaba, ta matso tana goge wuƙa a zaninta.

"Baba, lafiya? Mota ce ta lalace?"

"Lafiya lau."

"To ku rufe wa Mama kai mana, kurent za ta ja ta."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Zamfira, rabi tari rabi wani abu. Idonta na hagu yana kan kankanar da aka yanka aka ɗora a kan akwati don talla. Ilarie ya bi idon da kallo. Ya laluba aljihu ya sami 'yan canjin da suka rage, ya karɓo yanki ɗaya, ya cire 'ya'yan da farce, ya gutsuro tsakiyar inda ta fi laushi. Ta buɗe baki. Ruwan ya gangaro ta mataccen gefen, ya share da kallabin Paraschiva. Ta ci ta ƙara, ta ci ta ƙara, har ya kai ga farin ɓawon, sannan ta sake bugun ƙofar.

Kafin ya koma mazauninsa ya kama madubin gefen hagu da hannu biyu ya murɗa shi ciki. Ya yi ƙara kamar zai karye, amma ya juya. Ya zagaya ya zauna a sitiyari ya duba: babu hanya a cikinsa, babu abin da ke tahowa a baya, sai rabin fuska da gira a sama tana jiransa. Ya kai hannun dama ya bugi ƙofa, ya tuna, ya sa giya da hagu.